Yadda mujalla ta shiga cikin bindiga: bin sawun kalmar magazine

Wani rahoto na karanta a intanet, na kamen da jami'an tsaro suka yi wa wasu mutane a bakin daji. Jerin kayan da aka samu a hannunsu ne ya tsayar da ni: bindiga ƙirar AK-47 guda ɗaya, harsasai, wayoyin hannu, babur, sai kuma "mujallu uku". Duk wanda ya saba karanta labaran Hausa a waya ya taɓa cin karo da irin wannan. Sanarwar da Turanci ta fito, aka ce an samu magazine uku, mai fassara ko manhajar da ya dogara da ita ta ɗauko ma'anar da aka fi sani, sai ga mujalla a tsakanin bindiga da harsashi.

Abin ya dame ni, don mai karatu Bahaushe an ba shi labarin da bai faru ba. Abin da aka kama shi ne ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake cika wa harsashi a maƙala a ƙasan bindiga. Na AK-47 yana cin harsashi 30, uku ke nan sun ɗauki 90. Wannan adadi shi ne nauyin labarin, kuma shi ne ya salwanta a hanya.

Na ga gara in bi kalmar tun daga tushe, don kuskuren yana da dalili, kuma dalilin yana da shekara da gari da sunan mutum.

Asalinta Balarabiya ce

Wanda ya yi karatun allo ya wuce ya riga ya san kakar wannan kalma. A Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa sarkin Masar ya sanya shi a kan "khaza'inil ardi", wato taskokin ƙasa. Tushen shi ne khazana, ya ajiye, ya taskace. Daga nan Larabawa suka samu makhzan, wurin ajiya, jam'insa makhazin. Ginin kalmar ba baƙo ba ne a kunnenmu. Yadda muke ɗaura "ma" a gaban aiki mu samu wurin da ake yin sa, makaranta, mahauta, majema, ma'ajiya, haka Larabci ya yi a nan.

Fatake ne suka tsallakar da ita tekun Bahar Rum. Tun ƙarni na 13 'yan kasuwar Italiya da na kudancin Faransa suna hulɗa da tashoshin jiragen ruwa na Arewacin Afirka, suna kama ɗakunan ajiyar kaya a can, suka koma gida da kaya da sunan ɗakin duka. Italiyawa suka ce magazzino, Faransawa suka ce magasin. Mutanen Sifen, da suka daɗe suna zaune da Larabawa, suka haɗiye ta har da "al" ɗinta, suka ce almacén. A Maroko kuwa kalmar hanyar sarauta ta bi: tun da baitulmali shi ne ƙashin bayan mulki, sai makhzan ta zama sunan hukumar sarki kanta, kuma har yau haka ake kiran ta.

Mu ma ta iso mu, ta bayan gida. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram idan ya ce kaya suna mangaza, magasin ɗin Faransanci yake faɗa da harshen Hausa. Ɗan'uwansa na Kano cewa zai yi suna sito, don shi daga Turancin Ingilishi ya aro. Iyaka ɗaya ta raba su, kowa ya ɗauki kalmar wanda ya mulke shi.

Turawan Ingila a ƙarshen ƙarni na 16 suka karɓe ta daga Faransanci, da ma'anarta ta asali, ɗakin ajiya. Ba a jima ba sojoji suka fi kowa amfani da ita, har ta zama idan an ce magazine, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ɗakin albarushi.

Ɗakin da ake shiga ba takalmin ƙarfe

Irin wannan ɗaki yana da ƙa'idojinsa. Katanga mai kauri, ƙofa da ƙusoshi na tagulla maimakon baƙin ƙarfe don kada tartsatsi ya tashi, ma'aikata su cire takalma masu ƙusa su sa na ulu. A jiragen ruwan yaƙi can ƙasan ruwa ake yin sa, fitila kuma a wani ɗaki dabam take, haskenta ta gilashi yake shigowa. Duk wannan taka-tsantsan saboda abin da aka sha gani ne. A watan Satumba na 1687 sojojin Daular Usmaniyya suka mai da tsohon ginin Parthenon na birnin Atina ma'ajiyar albarushi, harbin sojojin Venice ya faɗa a kai, ginin da ya yi sama da shekara dubu biyu a tsaye ya tarwatse cikin dare ɗaya. A ranar 11 ga Mayu 1857, da tawayen sojojin Indiya ya iso Delhi, wani hafsan Ingila mai suna George Willoughby da mutanensa kaɗan suka cinna wa magazine ɗin birnin wuta da hannunsu, don kada ya faɗa hannun 'yan tawaye. A 1941 kuma harbin Jamusawa ya kai ga ma'ajiyar harsasan jirgin yaƙin Ingila mai suna Hood, ya nutse cikin 'yan mintuna, mutum 3 kacal suka tsira daga cikin sama da 1,400.

Mutanen Legas da suka ga ranar 27 ga Janairu 2002, lokacin da rumbun makaman barikin Ikeja ya kama da wuta, ba sai an yi musu bayanin haɗarin irin wannan ɗaki ba.

To, ta yaya sunan wuri mai ban tsoro haka ya koma sunan abin karantawa?

Edward Cave da shekarar 1731

Nan ne ainihin lamarin. Edward Cave ɗan mai gyaran takalma ne, an haife shi a 1691 a wani ƙauye kusa da garin Rugby. Ya koyi aikin ɗab'i, ya yi aiki a gidan waya a Landan, inda jaridu ke ratsawa ta hannunsa kowace rana, yana kuma tura labaran birni zuwa jaridun ƙananan garuruwa. Zaman nan ne ya nuna masa abin da manyan masu sayar da littattafai ba su gani ba. Landan ta cika da jaridu da takardun mako-mako, kowace falle ɗaya ko biyu, a karanta yau a yar gobe. Ba mai kuɗin sayensu duka, ba mai lokacin karanta su duka, mutumin karkara kuwa sai dai ya ji labarinsu.

Shawarar Cave mai sauƙi ce: a bi waɗannan takardu, a tsamo abin da ya fi amfani, a taƙaita, a haɗa wuri guda, a fitar sau ɗaya a wata. Ya yi shekaru yana tallata wannan shawara ga masu ɗab'i, ba wanda ya karɓa. Sai ya tara abin da ya samu ya kafa nasa injin a St John's Gate, wata tsohuwar ƙofa a unguwar Clerkenwell, ya fitar da fitowar farko mai ɗauke da watan Janairu 1731. Ya sa mata suna The Gentleman's Magazine, kuɗinta sisi. Hoton ƙofar ya zama tambarinta a bango, shi kuma ya ɓoye a bayan sunan aro, Sylvanus Urban, sunan da ya haɗa daji da birni, don masu karatu na wuraren biyu yake nema.

Abin lura shi ne, a ranar da ya zaɓi wannan suna, ba wanda ya ji "abin karantawa" a cikinsa. Abin da mai saye ya ji shi ne rumbu, ko taska. Cave da kansa ya bayyana a gabatarwa cewa nufinsa ya taskace muhimman rubuce-rubuce kamar yadda ake tara kaya a ma'ajiya, don kada su ɓace tare da fallayen da suka zo a ciki. Da Bahaushe ne ya yi aikin, "Taskar Dattijo" zai ce, ko "Rumbun Mai Gida". Kwatance ne kawai, irin wanda kowane mai talla ke yi wa hajarsa. Kafin shi ma an taɓa sa wa wasu littattafai wannan suna da wannan nufi, littafin da ya tara bayanai a kan yaƙi ko tuƙin jirgin ruwa. Cave ne ya ɗora shi a kan abin da ke fitowa wata-wata.

Cikinta kuwa da gaske rumbu ne. Akwai taƙaitattun muhawarorin jaridun mako, akwai waƙoƙi, labaran gida da na ƙetare, farashin hatsi da na hannun jari, jerin waɗanda aka haifa, waɗanda suka yi aure, waɗanda suka rasu, waɗanda aka yi wa ƙarin girma, waɗanda suka karye a kasuwa, da sababbin littattafan da suka fito. A bangon kundin shekara akwai hoton hannu riƙe da damin furanni da jimlar Latin E pluribus unum, wato ɗaya daga masu yawa, jimlar da daga baya ta zama taken hatimin Amurka.

Kasuwa ta buɗe masa fiye da zato. Masu sayar da littattafan da suka ƙi shi a da suka haɗa kai a 1732 suka fito da kishiya, London Magazine. A nan ne, a ganina, kalmar ta fara sauya fata. Muddin Cave kaɗai ke amfani da ita, suna ne na hajarsa. Da kishiya ta ɗauka, ta biyu ta ɗauka, sai ta zama sunan jinsin abin. Scots Magazine ta fito a 1739. A 1741, a birnin Philadelphia, Andrew Bradford da Benjamin Franklin suka yi rige-rigen fitar da irinta ta farko a Amurka, Bradford ya riga da kwana uku, kuma dukansu biyu da wannan kalma suka sa wa nasu suna. Mun san irin wannan a kasuwarmu. Omo suna ne da kamfani ɗaya ya sa wa garin sabulunsa, Maggi ma haka, amma yau yarinya za a aika ta sayo omo ko magi, ta dawo da na kowane kamfani, ba wanda zai ce ta yi kuskure.

Akwai wani ɓangare na tarihin wannan mujalla da nake jin daɗin tunawa, ko da yake ya ɗan kauce wa zancen kalma. Abin da ya fi jawo mata masu saye shi ne rahoton muhawarar majalisa. A watan Afrilu 1738 majalisar wakilai ta zartar cewa buga abin da aka faɗa a zaurenta laifi ne. Cave bai daina ba. Sai ya mai da rahoton muhawarar majalisar dattawan ƙasar Lilliput, ƙasar almara ta cikin littafin Jonathan Swift, ya jirkita sunayen 'yan majalisa yadda kowa zai gane amma ba mai iya kama shi. Firayim Minista Walpole ya koma Walelop. Wanda ya riƙa rubuta waɗannan jawabai na 'yan shekaru wani matashi ne matalauci da ya zo Landan neman abinci da alƙalami, Samuel Johnson. 'Yan bayanai kaɗan ake kawo masa, wa ya yi magana, wane ɓangare ya goya wa baya, shi kuma ya gina jawabi cikakke. Da ya fahimci mutane sun ɗauka ainihin kalaman 'yan majalisar ne, sai ya ajiye aikin, don ba ya so ya zama mai yaɗa ƙarya.

Wannan Johnson ɗin ne ya fitar da babban ƙamusun Ingilishi a 1755, shekara ɗaya bayan rasuwar Cave. A ƙarƙashin magazine ya kawo ma'ana biyu. Ta farko ɗakin ajiya, galibi na makamai ko na abinci. Ta biyu ya ce a 'yan shekarun nan kalmar ta koma nufin ɗan littafi mai tattare da abubuwa iri-iri, kuma ya ambaci sunan Edward Cave da mujallarsa a matsayin mafari. Ba kasafai ake samun haka ba: shaidar haihuwar sabuwar ma'ana, daga hannun wanda yake cikin gidan lokacin da aka haife ta. Shekara 24 ke nan tsakanin kwatancen mai talla da shiga ƙamus. Ita kuwa mujallar ta rayu har 1922.

Ɗakin ya ƙanƙance ya shiga bindiga

Ma'ana ta uku ta fi sauƙin bi. Bindigar da, irin tamu ta toka, ta baki ake ɗura mata albarushi da harsashi, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. A tsakiyar ƙarni na 19 maƙera suka fara yi wa bindiga wurin ajiyar harsasai a jikinta. Ta Spencer, da aka yi amfani da ita a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, tana da bututu a cikin gindinta mai cin harsashi 7. Me za a kira wannan wuri? Soja ya riga ya san sunan inda ake ajiye harsashi, sai ya ba ƙaramin sunan babban. A 1879 James Paris Lee ya yi rajistar irin wanda ake cirewa a mayar, mai siffar ɗan akwati, da ƙarfe mai naɗi a ciki yana turo harsasai sama ɗaya bayan ɗaya. Daga aikinsa aka samu Lee-Enfield mai cin 10, wadda kalmar magazine take cikin cikakken sunanta na hukuma. Ita ce kakanninmu suka saɓa a kafaɗa a dajin ƙasar Bama (Burma) lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga nan aka ci gaba da ba da sunan ga duk wani ɗan akwati da ke ciyar da inji, har da gwangwanin fim na kyamarar silima.

Harsuna da yawa ba su tara ma'anonin a wuri ɗaya kamar Ingilishi ba. Bafaranshe shago ko ɗakin ajiya yake kira magasin, na bindigar soja chargeur, ita kuwa mujalla sai da ya sake aro kalmar daga Ingila da rubutunta na can. Don haka mai fassara daga Faransanci a Yamai ba zai faɗa wannan rami ba. Barashe yana cewa magazin ga shago da na bindiga, mujalla kuma suna dabam gare ta. Larabawa, masu kalmar na asali, suna kiran na bindiga makhzan, amma abin karantawa majalla, wadda muka aro muka ce mujalla. Ke nan Hausa ta bi Larabci ta raba su, Ingilishi ya haɗa, mai fassara kuma a tsakiya yake.

A Gana ma kalmar ta haifi wata ma'ana da Cave bai taɓa mafarkinta ba. Suame Magazine a Kumasi unguwa ce ta makanikai da maƙera da masu sayar da kayan gyaran mota, tana cikin mafi girma irinta a Afirka ta Yamma, kuma 'yan zango da yawa a nan suke neman abinci. Sunan ya samo asali daga ma'ajiyar makaman sojan mulkin mallaka da ke inda masu sana'ar suka fara taruwa. Ma'ajiyar ta tafi, sunan ya bi makanikai. Direba a Kumasi idan ya ce zai kai mota magazine, gareji yake nufi. Kada kuma a haɗa ta da magaziya da ake ji a arewacin Gana ga shugabar mata. Wannan magajiya ce ta Hausa, kamar sauti ce kawai ta haɗa su.

Wani abu ya ƙara burge ni. Shirin rediyo ko talabijin mai tattaro rahotanni iri-iri, Turawa magazine suke ce masa. Da Muryar Amurka ta tashi yin irinsa da Hausa a talabijin, Taskar VOA aka sa masa. Taska. Kwatancen da Cave ya yi a 1731 ke nan, ya sake fitowa da bakin Hausa.

Komawa kan rahoton

Gyaran "mujallu uku" ba shi da wuya, amma a nan na ga wata matsala da ta fi ta farko zurfi, kuma tamu ce. Ba mu tsaya a kan suna ɗaya ga wannan ƙarfe ba. Wasu kafofin suna rubuta gidan harsashi, wasu kwanson harsashi, wasu jigida, wasu ma'ajin harsashi. Kwanso ne ya fi ba ni tsoro, don shi ne kuma sunan da ake ba ɓawon tagulla da ke faɗowa bayan an harba. Idan rahoto ya ce an samu kwanso uku, mai karatu bai san ko harbi uku aka yi a wurin ba, ko kuwa an kama mutum da abin da zai ɗauki harsashi 90. Na farko shaidar abin da ya riga ya faru ne, na biyu shaidar shiri. Ga alƙali, da lauya, da dangin wanda ake tuhuma, da mutanen ƙauyen da aka yi kamen, tazarar da ke tsakani ba ƙarama ba ce. Jigida kuwa tana da nata abin: sarƙar harsasai ce da ake zura wa babbar bindiga mai sarrafa kanta, irin wadda ake girkawa a bayan mota.

Hausa ba ta rasa dabarar raɗa wa sassan bindiga suna ba. Ita kanta bindigar, da albarushi, da harsashi, duk daga Larabci muka karɓa muka mai da su namu, abin da ake ja da yatsa kuma muka kalle shi muka ce kunama, sunan da ya dace da siffarsa da aikinsa. Don haka ni ga abin da nake bi, kuma nake roƙon abokan aiki a ɗakunan labarai su duba. Wanda ake maƙalawa a bindiga, gidan harsashi. Ɓawon da ya rage bayan harbi, kwanso. Sarƙar babbar bindiga, jigida. Ginin da soja ke tara kayan yaƙi, rumbun makamai. Ɗakin kayan ɗan kasuwa, sito ko mangaza, gwargwadon ɓangaren iyakar da mai karatu yake. Mujalla a bar ta ga abin da ake bugawa a karanta.

Idan aka ci karo da kalmar a sanarwa, tambaya ɗaya ta isa a yi kafin a rubuta komai: mene ne aka ajiye a ciki? A rahoton da na karanta, harsashi ne. Layin da ya kamata ya fito shi ne: bindiga ƙirar AK-47 guda ɗaya, da gidan harsashi uku.